Tambaya da Amsa: Garantin Akwatin Giya da Kiranyen Kamfani a Kan Motar Hannu

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ma'aikacin gwamnati ne a Tawa, kuma na daɗe ina tara kuɗi domin in sayi motar da za ta riƙa kai ni Ƙonni da Yamai ba tare da fargaba ba. Wani dillali a Yamai ya nuna mini Hyundai Tucson ƙirar 2016, mai giya otomatik, wadda aka shigo da ita daga Amurka ta tashar jiragen ruwa ta Lome. Ya ce mini kamfanin yana ba da garantin shekara goma a kan inji da akwatin giya, saboda haka in kwantar da hankalina. Amma ƙanena da ke karatu a jami'a ya ce ya taɓa jin cewa kamfanin ya yi wa irin wannan motar kiranye saboda matsalar giya. Ta yaya zan gane ko an yi wa wannan motar gyaran, kuma shin garantin nan zai amfane ni a nan Nijar? Har yanzu ban ba da kafin alƙalami ba.
Daga wani mai karatu a Tawa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ka yi dabara da ka riƙe kuɗinka a hannu, domin maganar dillalin tana da tushe amma ba ta shafe ka ba, ita kuwa maganar ƙanenka gaskiya ce. Abubuwa biyu ne aka cakuɗa maka. Garanti alkawari ne da kamfani yake ɗauka na gyara abin da ya lalace kyauta, kuma yana ɗaure da shekaru, da nisan tafiya, da ƙasar da aka sayar da motar, wani lokaci har da mutumin da ya fara sayenta. Kiranye kuwa yana zuwa ne idan aka gano wani aibi na ƙira da zai iya jawo haɗari, sai kamfani ya kira motocin domin ya gyara su, kuma shi wannan yana bin motar ce da kanta, ko hannu nawa ta sauya.

Garantin da Hyundai yake bayarwa a Amurka a kan inji da akwatin giya na shekara 10 ne ko tafiyar mil 100,000, wato kimanin kilomita 160,000, duk wanda ya riga cika. Sai dai wannan na wanda ya sayi motar sabuwa ne kaɗai. Da zarar ta koma hannu na biyu, garantin yana sauka zuwa shekara 5 ko mil 60,000, kimanin kilomita 96,000, kuma lissafin yana farawa ne daga ranar da aka fara sayar da ita, ba daga ranar da kai ka saya ba. Motar 2016 ke nan nata ya ƙare tun wajejen 2021. Ko da a ce bai ƙare ba, akwai wasu shingaye biyu a gabanka. Na farko shi ne garantin Amurka a garejojin wakilan kamfani na can yake aiki, ba a wajabta wa wani wakili a Yamai ya cika shi ba. Na biyu kuma, da yawa daga cikin motocin da suke zuwa mana daga Amurka a gwanjon kamfanonin inshora ake sayo su, irin su Copart da IAA, bayan haɗari ko ambaliya, kuma motar da inshora ta yanke cewa asara ce baki ɗaya galibi garantinta yana faɗuwa daga wannan ranar. Haka lamarin yake ga motocin Turai: garantin Kia na shekara 7 ko kilomita 150,000 yana bin mota zuwa sabon mai ita, amma a cikin Turai. Saboda haka kada ka ƙara ko dala a kan farashi domin wannan alkawarin.

Binciken kiranye yana farawa ne da lambar shasi. Haruffa ne da alƙaluma guda 17, kuma za ka same su a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da ke manne a jikin ginshiƙin ƙofar direba, da kuma cikin takardun duwan. Ka karanta su da idonka a wurare ukun nan, kada ka dogara da hoton da aka turo maka ta waya, kuma idan harafi ɗaya ya saɓa tsakanin mota da takarda, ciniki ya ƙare a nan. Babu I, babu O, babu Q a cikin lambar, saboda haka duk abin da ya yi maka kama da su sifili ne ko ɗaya. Lambar tana kuma tona asirin shekarar mota. A motocin kasuwar Amurka, harafi na goma shi ne shekarar ƙira: F na nufin 2015, G na nufin 2016, H na nufin 2017. Tucson ta wannan zamanin da aka sayar a Amurka a Koriya ta Kudu aka ƙera ta, kuma lambarta tana farawa da KM8. Wannan ɗan binciken ya isa ya kare ka daga al'adar nan ta sauya wa mota fitilu da fuska a ce ta fi ainihin shekararta sabunta.

Daga nan sai ka sa ƙanenka ya shiga shafin intanet na NHTSA, hukumar da ke kula da lafiyar motoci a Amurka, wadda tun 2014 ta buɗe hanyar bincike da lambar shasi kyauta. A nan ne mutane da yawa suke yaudarar kansu, domin shafin yana nuna kiranyen da ba a yi gyaransa ba ne kawai. Idan ya ce babu komai, ma'anarsa ko dai an riga an yi gyaran, ko kuma motar ba ta cikin rukunin da aka kira. Ba ya nuna kiranyen da ya wuce shekara 15 da fitowa sai a wasu lokuta, kuma bai san motocin da ba a sayar a Amurka ba sam. Domin haka bincike biyu za ka yi: ɗaya da lambar shasi, ɗaya kuma da sunan mota da shekararta, wanda zai fito maka da dukan kiranyen da aka taɓa yi wa wannan samfurin tare da ƙorafin masu motar. Shi ma kamfanin Hyundai yana da nasa shafin na Amurka da ake sa lambar a ciki, kuma yana da kyau a gwada shi. Ga masu karatu da motarsu ta fito daga wani wuri, ma'aikatar sufurin Kanada tana da nata kundin, Faransa tana da shafin RappelConso tun 2021, Jamus kuma tana da hukumar KBA.

Abin da ƙanenka ya ji ya faru ne a 2016, lokacin da Hyundai ya kira Tucson kusan 41,000 ƙirar wannan shekarar a Amurka, masu akwatin giya mai hawa bakwai da kuloci biyu. Matsalar ita ce a cikin zafi, idan mota ta tsaya aka sake taka totur, takan ƙi motsawa ko ta yi jinkiri, kuma gyaran shi ne sabunta manhajar kwamfutar da ke sarrafa giyar. Ka lura da cewa zafi ne yake tayar da aibin, mu kuwa a nan watannin Afrilu da Mayu ma'auni yana haura digiri 40 kusan kullum, kuma motar da ta ƙi tashi a tsakiyar shataletale ko lokacin da kake ƙetara titi a gaban babbar mota ba ƙaramin abu ba ce. Wannan kiranyen ya shafi masu inji 1.6 mai turbo ne. Tucson mai inji 2.0 ta wannan shekarar akwatinta otomatik ne na gargajiya mai hawa shida, kuma ba ta ciki. Tambayar farko da za ka yi wa dillali ke nan: wane inji ne a cikinta? Akwai kuma wani kiranyen na daban da ya haɗa da Tucson ta 2016, a kan na'urar birki ta ABS da za ta iya kamawa da wuta ko da mota a kashe take, har kamfanin ya shawarci masu ita su riƙa ajiye ta a waje nesa da gini kafin a gyara. Wanda zai kwana da mota a cikin gida kusa da ɗakin iyali ya kamata ya tabbatar da wannan ma.

Akwai abin da ya fi wannan muhimmanci a ganina, kuma shi ne yawancin cututtukan akwatin giya ba sa kaiwa ga kiranye ko kaɗan, domin doka tana tilasta kiranye ne a kan abin da ya shafi rai da lafiya, ba a kan abin da ya shafi aljihu ba. Abin da kamfanoni sukan yi shi ne su aika wa garejojinsu takardar umarnin gyara, ko su tsawaita garanti a kan ɓangaren da ke yawan lalacewa. Nissan ya tsawaita garantin akwatinsa na CVT, wato giya otomatik marar hawa-hawa, zuwa shekara 10 ko mil 120,000 a motocin 2003 zuwa 2010, daga baya kuma ya sake tsawaitawa zuwa wata 84 ko mil 84,000 a wasu samfura irin su Altima da Sentra. Ford ya yi makamancin haka a kan akwatin PowerShift na Fiesta da Focus. Hatta Toyota, da muke rantsuwa da ita a kasuwar nan, ta tsawaita garanti a kan RAV4 ta 2001 zuwa 2003, saboda kwamfutar injin tana sa giya ta riƙa buguwa har akwatin ya lalace. Duk waɗannan wa'adodin sun ƙare ko kuma ba su iso mana ba, amma amfaninsu bai ƙare ba, domin kamfani ba ya tsawaita garanti a kan abin da ba ya ba shi ciwon kai. Idan ka ga an yi haka ga wani samfuri, kamfanin da bakinsa ya nuna maka inda makanikenka zai fi zuba ido, da kuma dalilin da zai sa ka nemi ragi.

Idan bincike ya nuna cewa ba a yi gyaran ba, sai batun wanda zai yi shi ya taso. Dokar Amurka da ta wajabta gyara kyauta a kan motar da ba ta wuce shekara 15 ba a ƙasarsu take aiki. Abin da za ka yi shi ne ka kai lambar shasin wurin wakilin kamfanin na hukuma, ka tambaya ko suna ganin kiranyen a kwamfutarsu, ko za su yi aikin, da kuma ko kyauta ne ko da kuɗi, kuma ka sami amsar nan kafin ka biya kuɗin mota. Sabunta manhajar giya yana buƙatar na'urar kamfani, ba kowane gareji ne yake da ita ba.

Kada kuma ka ji ƙyashin kuɗin rahoton tarihin mota daga Carfax ko AutoCheck, domin kuɗin bai kai na cika tanki ba. Rahoton yana nuna yawan waɗanda suka mallake ta, da haɗarin da aka rubuta, da nisan tafiyar da aka gani a lokuta dabam-dabam, wanda da shi za ka gane ko an mayar da agogon kilomita baya. Sau da yawa ma idan aka rubuta lambar shasi a Google hotunan motar na ranar gwanjo suna fitowa. Idan ka ga an rubuta cewa ambaliya ce ta ci ta, ka bar ta ko nawa aka rage, domin ruwan da ya shiga akwatin giya da wayoyin lantarki a hankali yake fito da ɓarnarsa. Motocin Beljiyam suna da takardar Car-Pass mai nuna tarihin kilomita, sai a tambaye ta.

Bayan takardu sai gwaji, kuma a nan ne za ka sami abin da ya fi kusa da garanti na gaske. Ka zo da makanikenka, ba na dillali ba. Ku fara da safe mota tana sanyi, ku sa giyar gaba da ta baya ku ji ko tana jinkiri ko tana buguwa kafin ta kama. Sannan ku fita da ita da tsakar rana, ku shiga cunkoson kasuwa inda ake tafiya ana tsayawa, ku hau gangare ku tsaya ku sake tashi, ku kuma fita bayan gari ku buɗe mata wuta har ta shiga giyar ƙarshe, domin zagayen unguwa na minti biyar ba ya nuna komai, akwati mai ciwo sai ya ɗauki zafi yake bayyana halinsa. Karkarwa wajen tashi, ko ƙarar inji ta hau alhali gudu bai ƙaru ba, ko saƙon gargaɗin zafin giya a kan allo, duk alamu ne na kuloci da suka ci. A jona na'urar bincike kafin tafiya da bayanta, kuma makanike ya duba ko an goge bayanan matsala kwanan nan, domin na'urar tana nuna hakan. A akwatin gargajiya, man giya da ya yi baƙi yana ƙaurin ƙuna shi ma shaida ne.

Ra'ayina shi ne, ga mutumin da zai zauna a Tawa, inda unguwanni da yawa rairayi ne kuma masu gyaran akwati mai kuloci biyu ba su da yawa, mai inji 2.0 da hawa shida ta fi kwanciyar hankali, ko da ba ta kai ɗayar ƙarfi da tattalin mai ba. Kulocin wancan akwatin busassu ne, ba sa son jan ciki a cikin yashi. Idan duk da haka ranka ya kwanta da mai inji 1.6 ɗin, ka nemi a rubuta yarjejeniya gaban shaidu biyu, da lambar shasi da adadin kilomita a ciki, cewa idan akwatin giya ya nuna matsala a cikin kwanakin da kuka amince, mai mota zai gyara ko ya karɓi abinsa. Dillalin da ya yarda da garantin shekara goma bai kamata ya ji tsoron sa hannu a kan na wata guda ba.

TAMBAYA: Ina da Toyota Corolla ta 2004 da nake kai yara makaranta da ita a Yamai. Ɗana ya sa lambarta a intanet, sai ya ga an rubuta cewa jakar iskar da ke gaba tana da haɗari. Motar lafiyarta lau, ba ta taɓa ba ni matsala ba. Ina ce wannan ba na masu sanyi ba ne can ƙasashen Turawa?
Daga wata Hajiya a Yamai.

AMSA: Hajiya, akasin haka ne, mu masu zafi ya fi shafa. Wannan shi ne kiranyen jakar iska ta kamfanin Takata na Japan, mafi girma a tarihin motoci, wanda ya shafi na'urori kusan miliyan 67 a Amurka kaɗai, har ya kai kamfanin ga durƙushewa a 2017. Sinadarin da ke hura jakar yana lalacewa idan ya daɗe yana shan zafi da laima, sai ya zama ranar da aka yi karo, ko da ƙarami ne, maimakon ya hura jakar sai ya fasa gwangwaninsa ya watsa ɓaraguzan ƙarfe a fuskar wanda ke zaune. Mutane sun mutu ta haka a ƙasashe da dama. Lafiyar inji ba ta da alaƙa da shi, kuma babu fitilar da za ta kunna ta gargaɗe ki. A watan Janairun 2024 Toyota ta shawarci masu Corolla da Matrix na 2003 da 2004, da masu RAV4 ta 2004 da 2005 a Amurka, waɗanda ba a gyara nasu ba, da su daina tuƙa su har sai an sauya na'urar. A Corolla jakar ɓangaren fasinja ce, a RAV4 kuwa ta direba.

Ki kai lambar shasin wurin CFAO, wakilin Toyota a Yamai, ki tambaye su ko za su sauya miki da kuma sharuɗɗansu. Kafin nan kada kowa ya zauna a kujerar gaba ta fasinja, babba ko yaro, duk da cewa wannan rage haɗari ne kawai, ba magani ba. Kada ki yarda a sa miki jakar da aka ciro daga wata tsohuwar mota a kasuwar kayan gyara, domin mai yiwuwa ita ma irin waccan ce kuma shekarunta ɗaya da taki, kuma kada a bar wanda bai san aikin ba ya kwance ta, saboda abu ne mai fashewa.

TAMBAYA: Na sayi mota a hannun wani mutum, ba ta yi mako uku ba giyarta ta daina shiga. Ya ce shi ya sayar, ba ruwansa. Ina da haƙƙi?
Daga wani ɗan kasuwa a Tawa.

AMSA: Alhaji, kana iya samun haƙƙi, amma ya dogara da hujja. Dokar ciniki da muka gada daga Faransa ta ɗora wa mai sayarwa alhakin ɓoyayyen aibin da yake jikin kaya tun kafin ciniki, matuƙar aibin ya hana amfani da kayan kuma mai saye ba zai iya ganinsa da duba na al'ada ba, tare da sharaɗin ya tashi da wuri. Fiƙihun Malikiyya ma ya haramta ɓoye aibi, ya kuma ba mai saye zaɓin mayar da kaya. Abin da zai yi maka wuya shi ne nuna cewa ciwon ya riga cinikin. Saboda haka kada ka bari a buɗe akwatin sai a gaban mai motar ko shaidu, ka sa makanike ya rubuta abin da ya gani tare da bayanan da na'urar bincike ta fitar, ka kuma adana saƙonnin wayar da kuka yi musaya, musamman inda ya ce motar ba ta da matsala. Ka duba lambar shasin kamar yadda aka yi bayani a sama, domin idan rahoton gwanjo ya nuna cewa da matsalar giya ko da ruwa aka sayo ta, hujjarka ta yi ƙarfi. Ka fara da dillalin da ya ci la'ada da shugabannin masu sayar da motoci na wurin, domin sulhu a hannunsu ya fi sauri da arha, idan ya gagara sai ka tafi kotu da takardunka.